Ɗalibai 'yan sa-kai za su je taimaka wa makaranta a ƙasar waje: ta ina za a fara?

Balaraba: Assalamu alaikum. Ɗalibai 12 ne za su yi mako biyu a wata makarantar firamare a ƙasar waje, kuma babu malami ko ɗaya a cikinsu. Wane aiki ya dace da su, me kuma za a fara shiryawa?

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a yanki tikiti, a nemi kalandar makarantar, domin hutu ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Afirka ta Kudu, misali, a Janairu shekarar karatu ke farawa. In aka sauka a makon jarrabawa, zaman banza kawai za a yi. A kuma tambayi ofishin jakadanci ko bizar yawon buɗe ido ta halatta aikin sa-kai, don wasu ƙasashe sun hana. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Inda ake neman katin rigakafin shawara, sai bayan kwana 10 da yin allurar yake aiki.

Malama Rakiya: Don Allah kada a danƙa musu aji. Malamin ajin ya san inda ya tsaya a manhaja, baƙo bai sani ba, shi ya sa kowace tawaga ke zuwa ta maimaita haruffa da launuka, yaran na nan inda suke. A raba yara huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kowane ɗalibi ya zauna da rukuni ɗaya na minti 20. Yaro ya karanta da ƙarfi, yatsansa na bin layi, ɗalibin ya rubuta kalmomin da ya yi tuntuɓe a kansu, a miƙa wa malamin kafin a tashi. Wannan 'yar takardar ce za ta yi amfani bayan sun tafi.

Malam Isiyaku: Haka ne. Kayan aiki kuma a tambayi shugaban makarantar, a sayo a can. Littafin da ba da harshen koyarwarsu aka rubuta ba, ƙura zai sha a kabad. Kwamfuta ma haka, in babu wuta ko mai gyara.

Malama Rakiya: Saura kare yaran. Kowa ya zo da takardar shaidar 'yan sanda da ke nuna ba shi da tarihin aikata laifi. Kada ɗalibi ya keɓe da yaro, ƙofa a buɗe, babba na kusa. Ba ɗaukar hoto sai da izinin iyaye da makaranta, ba musayar lambar waya. Kuma kada kowa ya ce wa yaro "zan dawo" in bai tabbata ba, domin yaron zai riƙe maganar ya yi ta jira.