Neman shawara: ana ji na a zangon rediyo na mita 80 da 160, ni kuwa ba na jin kowa

Habu, Tawa: Assalamu alaikum malamaina. Eriyar da nake aikawa da ita waya ce mai siffar L, ta hau mita 12 sannan ta miƙe. Da wat 100 nake aiki. A 3573 kHz, wato zangon mita 80, tashoshin Turai suna kama FT8 ɗina (gajeren saƙon da kwamfuta ke aikawa ta rediyo), amma amsarsu ba ta iso ni. Daga magariba allurar S, mai nuna ƙarfin abin da rediyo ke kamawa, tana zaune kan 9, shuuu kawai da tartsatsi. A 1840 kHz, zangon mita 160, abin ya fi muni. Gidan mita 20 ne a kan 30, rufin kwano, akwai pano da inbata. Kawuna yana da gona bayan gari, tsawonta ya kai mita 200. Wace eriyar sauraro ta dace da ni? Ko ƙaramin ampili mai ɗaga abin da nake ji zan ƙara?

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Habu, ajiye zancen ampili. Ƙarfi ba shi ne ya yi maka kaɗan ba, hayaniya ce ta yi yawa, ampili kuwa duka biyun yake ɗagawa. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka ɗora rediyon kan batir, ka kashe wutar gidan daga kwanta, ka kashe inbata, ka cire na'urar cajin pano. Dubi allura. In ta sauko daga 9 zuwa 5 ko 6, ɓarawon a cikin gida yake. Sai ka riƙa kunna kayan ɗaya bayan ɗaya: cajar waya, ƙwan LED, talabijin, inbata. Hayaniyar da ke maimaita kanta duk bayan ƴan kHz ta kayan wuta ce. Wadda ke fashewa ƙas-ƙas ba tsari, ta tsawa ce daga nesa. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Habu: Malam, na gwada. Ta sauko zuwa 7. Inbata ce da caja guda biyu. Tartsatsin dai yana nan.

Alhaji Mahamadu, Yamai: To yanzu an zo wurin. Garin Tawa yana da wata sa'a da ba kowa ke lura da ita ba. Faransa da Jamus kusan arewa sak suke da kai. Gabashin Amurka wajen digiri 310, Japan wajen 40. Tsawa kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da waɗannan zangunan suke buɗewa sosai, ta koma kudu: gaɓar tekun Gine da dazukan Kwango. Wato abin da kake so yana gabanka, abin da ba ka so yana bayanka. Wayarka mai hawa sama ko'ina take ji daidai, shi ya sa take kwaso maka duka. Eriya mai toshe kunne ta baya kake nema.

Tunda akwai gona, eriyar Beverage ce sarauniya. Tsohuwar dabara ce ta Harold Beverage tun 1921, kuma ƙasa busasshiya irin ta Adar ita ta fi so. Waya ɗaya miƙaƙƙa, mita 160 zuwa 180, daga kudu zuwa arewa. Ka ɗaga ta mita 3 don shanu da raƙuma su wuce ta ƙasa. A ƙarshen arewa, rezistans (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) mai om 470, wat 2, tsakanin waya da turken ƙasa. Kar ka sa irin wanda aka naɗa waya a cikinsa, naɗin yana ɓata aikin. A ƙarshen kudu taransifo: ferit (baƙin dunƙulen da ake naɗa waya a jikinsa) mai ƙofa biyu, samfurin BN-73-202, naɗi 5 ɓangaren eriya, naɗi 2 ɓangaren wayar parabol RG-6 mai om 75, da siririyar waya mai fenti ta milimita 0.3. Shiga ta ƙofa ɗaya ka fito ta ɗayar, shi ne naɗi guda. Kar naɗin biyu su haɗu da juna ko a ƙasa. Wayar shinge ta ƙarfe ta isa, ta tagulla a gona ba ta kwana biyu.

Habu: Allah shi ƙara girma Alhaji. Sai dai gonar ta yi kilomita 4 da gida.

Alhaji Mahamadu: A'a, to wannan sai ranar da ka ɗauki rediyo da batir ka kwana can. Mu koma gida. Akwai eriyar K9AY, wadda Gary Breed ya fitar a 1997: sanda ɗaya mai mita 8, waya wajen mita 26 a ɗaure kamar alwatika, faɗinta bai wuce mita 10 ba. Taransifon nan na 5 da 2 zai yi, rezistans tsakanin om 390 da 560.

Injiniya Ramatu: Alhaji, a gafarce ni, a nan zan ɗan saɓa. K9AY da turken ƙasa take aiki, kuma darajar rezistans ɗinta tana bin danshin ƙasa. Abin da ya daidaita a Satumba, zuwa Maris ƙasa ta bushe ƙayau, kunnen bayan ya buɗe. Ga dutse, turken ma da ƙyar yake shiga mita ɗaya. In dole sai ita, a shimfiɗa wayoyi huɗu masu mita 5 zuwa 6 a ƙarƙashinta, a haɗa da turken.

Ni tuta zan ba shi shawara, wadda ake kira Flag, don ba ruwanta da ƙasa. Waya ce mai kusurwa huɗu a tsaye: tsawo mita 8.8, tsayi mita 4.3, wayar ƙasa ta tashi mita 2 daga ƙasa. Ka ga sanduna biyu masu mita 6 da rabi ke nan. A tsakiyar gefe ɗaya na tsaye ka yanke waya ka sa rezistans wajen om 900, a tsakiyar ɗaya gefen ka sa taransifo. Ferit ɗin dai shi ne, amma naɗi 7 da 2, wanda ke mayar da om 75 wajen 920.

Ga inda mutane suke faɗuwa. Beverage tana ji ne ta ɓangaren rezistans. Tuta akasin haka take, ta ɓangaren taransifo take ji. Saboda haka taransifo arewa, rezistans kudu. In ka juya su, ka gina wa tsawar Kwango eriya mai kyau.

Sandunan su zama na itace ko gora, ba ƙarfe ba, a shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara. Tiyon roba zafin Afrilu yana lanƙwasa shi. Ka nisanta ta da rufin kwano da wayoyin kuran gwargwadon yadda filin ya bari, ko mita 4 zuwa 5 ne.

Malam Isufu: Na goyi bayan tutar. Sai dai Habu, kar gabanka ya faɗi in ka haɗa ka ga allura ta kwanta. Abin da tuta take kamowa kaɗan ne ƙwarai, a nan ne ampili mai 15 zuwa 20 dB yake da amfani, musamman a mita 160. Gwajinsa: sa rezistans mai om 75 a madadin eriya ka saurara, sannan ka mayar da eriya. In shuuu ɗin ya ƙaru a fili, ƙarfin ya isa, kar ka ƙara. In kuma tashoshin matsakaicin zango suka fara fitowa inda bai kamata ba da dare, ampilin ya ƙoshi, sai a sa matata mai tare abin da ke ƙasa da 1700 kHz a gabansa.

Kuma tunda siginar tata ƙarama ce, rigar wayar parabol tana iya kwaso hayaniyar inbata daga ɗaki ta kai wa eriyar. Zoben ferit FT240-31, a zagaya wayar sau 10 zuwa 12 a ciki ba tare da karya ta ba, ɗaya kusa da taransifo, ɗaya bakin ɗaki. Wayar ta sauko ta bi ƙasa, kar ta yi lilo a sama. Saƙar RG-6 galibi alminiyom ce, ba ta kama dalma, sai kan F na matsewa, a naɗe da tef saboda ƙura da ruwa.

Habu: To zoben eriyar nan mai faɗin mita ɗaya da ake sayarwa da ampilinsa fa? Shi ba ya cin wuri.

Injiniya Ramatu: Yana da ranarsa. In hayaniyar daga wuri ɗaya take, misali inbatar maƙwabci, kana juya shi har fuskar zoben ta kalli gidan, sai ta nutse. Amma gaba da baya daidai yake ji, tsawar kudu za ta shigo kamar yadda Turai take shigowa. Kai kuma ka ce tartsatsi ne ya rage maka.

Wajen daidaita tutar, fara da rezistans mai murɗawa na om 2000. Nemi tashar matsakaicin zango da ke kudu da kai, wadda take can sama kusa da 1600 kHz in akwai, ka murɗa har muryar ta fi dushewa. Cire shi ka auna da na'urar auna om, ka sa tsayayye mai wannan darajar, don mai murɗawa ba ya jure ƙurar hunturu.

Alhaji Mahamadu: Abu biyu da suka rage, ɗana. Wayarka ta L tana kwasar hayaniya ta sake watsa wa tutar, tunda fili ɗaya suke. Sa rile, wato makunni mai aiki da lantarki, ya raba ta da wayar rediyo lokacin sauraro, ka gwada da shi da babu shi. Na biyu, wat 100 a nisan mita 10 yana iya ƙona ampili ko bakin rediyon. Rile ya yanke wayar tutar ya haɗa ta da ƙasa duk lokacin da ka danna aikawa. Da hadari ya taso kuwa, cire komai.

Habu: Na gode malamai. In na karkata tutar wajen Amurka, zan rasa Turai?

Injiniya Ramatu: Ba za ka rasa ba, gabanta yana da faɗi, bayanta ne siriri. Ka sa taransifon ya kalli wajen digiri 330, Turai da Amurka duk suna ciki, bayan kuma ya faɗa kudu maso gabas, wajen Kamaru da Kwango. In filin bai ba ka wannan kwanar ba, arewa sak ma ta yi.