Hatsari ya wuce, jikina bai manta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da motarmu ta kife kusa da Alkaleri, hanyar Gombe. Raunuka sun warke. Amma ko hon ɗin Keke Napep na ji a Wunti, cikin garin Bauchi, sai ƙirjina ya ɗaure, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, wuyana ya sandare. An auna zuciya, an ce lafiya lau. Addu'a kam ban fasa ba.

Na ji labarin hanyar magance firgici ta Peter Levine, wani masani ɗan Amurka: ba a tilasta maka maimaita labarin, ana koya maka lura da numfashi da inda jiki ya ɗaure, kaɗan-kaɗan, har firgicin ya saki. Don Allah, akwai mai yin wannan a Bauchi? Da mace ce, da na fi sakewa.