Sitiyari ya yi tauri, injin kuma yana rawa a tsaye

Tambaya: Assalamu alaikum. Tsohuwar mota ce mai fetur. Idan tana tsaye injin yana karkarwa, sitiyari kuma sai an sa ƙarfi. A kan hanya lafiya lau. Famfon sitiyarin ne ya mutu?

Amsa ta 1: Wa alaikumussalam Malam. Kada ka yi saurin sayen famfo. Injin ne ke juya shi ta bel, to idan juyin injin ya faɗi ƙasa da 600 a minti, famfon ba zai tura mai da ƙarfi ba. Bayan injin ya ɗumama, ya kamata allurar da ke nuna juyin injin ta zauna wajen 700 zuwa 800. Wanke maƙogwaron totur (inda iska ke bi ta shiga injin in an taka totur) da bawul ɗin da ke ba injin iska a tsaye, ka duba filogi. Saurari ƙananan tiyo: wanda ya tsage yana zuƙar iska, za ka ji yana huci.

Amsa ta 2: Buɗe tankin man sitiyari injin na aiki. In ka ga kumfa, iska ke shiga, galibi ta tiyon da ke kai mai famfo. Ɗaure shi ko ka canza. Sannan ɗaga tayoyin gaba da jak, a kashe injin, juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau 20 don iskar ta fita, kana cika mai. Man da littafin motar ya ce kawai za ka zuba. Wani man yana cinye roba.

Amsa ta 3: Danna tsakiyar bel da yatsa. In ya lotsa fiye da santimita 1 ko yana sheƙi, zamewa yake. Kuma don Allah kada a riƙe sitiyari a ƙurewa fiye da daƙiƙa 5, yana dafa man.