Ku taimaka min kan sinaptotagmin, kaina ya ɗaure

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman manyanmu da ke karatun likita a nan Yamai. Ina da ekzoze ran litinin kan yadda jijiya ke sakin sinadarin saƙo, kuma wani wuri ya tsaye min.

Abin da na gane: in wutar saƙo ta iso bakin jijiya ƙofofin kalsiyom su buɗe, kalsiyom ya shigo ya kama sinaptotagmin-1, wani furotin da ke manne jikin ƴan buhunan sinadari, ita kuma tare da SNARE (wasu furotin masu haɗa buhu da fata) su sa buhun ya haɗe da fatar jijiya ya zuba abin da ke ciki, duk cikin ƙasa da milisakan 1. Wannan dai ya zauna.

To ga matsalar. A 1994 su Thomas Südhof, wanda ya samu Nobel a 2013, sun cire sinaptotagmin-1 a jikin ɓeraye, sakin nan na take-yanke ya kusa ɓacewa amma na jinkiri bai ɓace ba, wanda yanzu ake dangantawa da sinaptotagmin-7, har nan ba gardama. Sai kuma daga baya aka ga a wasu jijiyoyin sakin da ke faruwa haka kawai ba tare da saƙo ba ƙaruwa ma yake yi in an cire sinaptotagmin-1! Yaya abin da ke tada mota zai zama kuma shi ne birki? Ko aikin kompleksin, wani furotin mai kama SNARE, ne ya shigo nan?

Sannan a jikin sinaptotagmin-1 ɓangaren C2A na kama kalsiyom 3, C2B na kama 2, amma lalata C2B ya fi kashe sakin, mi ya sa?

Don Allah wanda ya fahimta ya warware min da Hausa sala-sala, faransancin littafin nan ya gaji da ni.