Neman kalma: ƙarfen da ke hana mota karkata a kwana

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka mini. Gobe da azahar zan miƙa fassarar wani darasi na masu koyon kanikanci, kalma ɗaya ta gagare ni. Ƙarfen nan ne na ƙarƙashin mota mai lanƙwasa biyu, wanda ya haɗa ƙafar dama da ta hagu. Turawan Ingila na ce masa anti-rol ba, Amurkawa kuma suwe ba. Darasin duka a kan ɗaure shi da saita shi ne, sunan ya cika shafi, ba zai yiwu in riƙa dogon bayani a kowane layi ba. Na sa "sandar hana kifewa" amma raina bai kwanta ba.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Malama, cire kifewar nan. Idan mota ta sha kwana nauyi kan koma ƙafafun waje, bodi ya kwanta gefe ɗaya. Ƙafar waje ta shige sama, ta ciki ta sako, sai ƙarfen ya murɗe, yana gardama yana ɗago bodin. In kuwa ƙafafun biyu suka hau tudu tare, juyawa kawai yake a cikin bushinsa, wato robar da ke riƙe shi, ba ruwansa. Sifirin ne, amma na murɗa. Ga kuma wani ƙarfen daban mai kama da keji a motocin tsere, wanda ke kare direba idan mota ta wuntsila. Kika ce kifewa, yara za su haɗa su. Mu dai sitabilaiza muke cewa.

Ɗalibar Hausa: Ƙarfen hana tangaɗi fa? Yana da daɗin faɗa.

Tsohon Bakanike: 'Yata, tangaɗi aikin shoka ne. Shoka ta mutu, mota ta yi ta lilo ko a miƙaƙƙen titi.

Direban Dogon Zango: Madaidaici.

Mai Fassara: Na yi tunaninsa, sai dai alaimen ma daidaitawa ce, balansin taya ma haka. Zai yi yawa a darasi ɗaya.

Mai Kishin Harshe: Abin na ba ni takaici. Tun 1919 wani ɗan Kanada, Stephen Coleman, ya yi rajistar ƙirƙirar ƙarfen nan. Shekara ɗari da ɗoriya, mu har yau sitabilaiza, kalmar da ko harshe ba ya son ɗauka. Hausa na da hanyarta ta raɗa suna: hana-salla, gagara-badau, gagara-gasa. Ni na daɗe da raɗa wa wannan suna GAGARA-KWANA, wato ƙarfen da kwana ba ta iya kayar da shi. Malama, ki sa shi, in ya shiga littafi ya zauna.

Ɗalibar Hausa: Allah ya gafarta Malam, wanda ya gani a rubuce zai ɗauka rashin barci ake nufi. Kuma ita kwanar titi ai daga Turanci muka aro ta.

Mai Kishin Harshe: Kwana ta zama 'yar gida, kakanninmu sun faɗe ta. Sitabilaiza baƙuwa ce da ko takalmi ba ta cire ba.

Direban Dogon Zango: To wa ke ba baƙo izinin zama, Malam? Ai masu faɗa ne. Sitiyari, birki, giya, kulochi, duk a bakin direbobi da kanikawa suka zama Hausa, ba a aji ba. Sai an zo rubutu a ce maganarmu ba ta isa ba.

Mai Kishin Harshe: Ban rena kowa ba. Amma idan kowane ƙarfe sai mun aro sunansa, ranar da za a koyar da injiniyanci da Hausa me za a tarar a littafin? Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi bai kamata ya zama ɗan amshin shata ba.

Mai Fassara: Don Allah a dawo kan layi, lokaci na tafiya. Ga wata matsalar ma. Marubucin na cewa a ɗaure ƙarfen gaba, a wani wuri kuma a ɗaure na baya don mota ta fi jin sitiyari. Duka na fassara da ɗaurewa. Daidai ne?

Tsohon Bakanike: Yauwa, nan ne haɗarin yake, ya fi sunan muhimmanci. Abu biyu ne, ki raba su. Ɗaurewa ta noti ce: notin maƙalan da ke riƙe bushi, da na linki, ɗan guntun ƙarfen da ya haɗa bakin sitabilaiza da ƙafa. In suka yi sako-sako ko roba ta cinye, za ki ji ƙwas-ƙwas a gargada. A ɗaure su gwargwadon awon da kamfanin motar ya rubuta, kuma ɗaurin ƙarshe a yi shi mota na tsaye kan tayoyinta a shimfiɗaɗɗen wuri, ba tana reto a kan jak ba, don kada a kulle ƙarfen yana murɗe tun kafin a tashi. Amma ko yaro ya hau kan sifana da ƙafa, bai ƙara wa ƙarfen komai ba, roba kawai zai matse ko ya cinye zaren noti. Na biyun ƙara TAURI ne. Wanda ake saitawa yana da huda biyu ko uku a bakin hannunsa. Ka matsar da linki hudar da ta fi kusa da lanƙwasa, hannu ya gajarce, ƙarfe ya yi tauri, kamar yadda gajeren sifana ke wahalar kwance noti. Ko a sauya mai kauri. Kauri kuwa ba wasa ba ne, daga milimita 20 zuwa 22 taurin kan ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100, in ƙirar iri ɗaya ce.

Direban Dogon Zango: Baba ya faɗi gaskiya. A ƙara da wannan: gaba ya yi tauri da yawa, ka juya sitiyari mota ta ƙi shiga kwana, ta nemi zarcewa. Baya ya yi tauri da yawa, bayan ne zai kwashe, musamman a jiƙaƙƙen titi, kuma wannan ya fi wuyar tarowa. Huda ɗaya ake matsawa, dama da hagu daidai, a gwada a fili kafin a sake taɓawa.

Mai Fassara: Allah ya saka da alheri, Baba, da na aika da kuskure. Na gyara: ɗaure noti daban, ƙara tauri da rage tauri daban. Sunan kuma ga abin da na yanke. A farkon darasi zan rubuta "ƙarfen hana karkata, wanda kanikawa ke kira sitabilaiza", daga nan in ci gaba da hana-karkata.

Tsohon Bakanike: Ba laifi. A gareji dai sitabilaiza za su ci gaba da ji, ki bar shi a jikin hoton ma.

Mai Kishin Harshe: Hana-karkata ginin Hausa ne, ba zan yi musu ba, ko da yake bai kai nawa armashi ba. Sitabilaizar ce ban yarda ta shiga littafi ba. In za a sake bugawa a tuntuɓe ni.

Ɗalibar Hausa: Shi kuma linkin fa, me za a ce masa? Mahaɗi?

Mai Fassara: Linki na bar shi, yau ba zan iya buɗe wannan ba. Saura shafi huɗu.