Wa aka taɓa sa wa ɗan ƙarfen nan a ƙashin baya?

Autar Baba: Assalamu alaikum. Mahaifina ne, shekararsa 68. Hoton MRI ya nuna hanyar jijiyoyi ta tsuke a ƙasan bayansa, tsakanin ƙasusuwan baya biyu da ake kira L4 da L5. Da ya yi tafiyar minti biyar sai ƙafafu su sage, dole ya nemi wurin zama. An yi gashin ƙashi da allurar baya sama da wata shida, sauƙin ba ya daɗewa. Yanzu likita ya ce ko dai babbar tiyata, ko a sa masa wani ɗan ƙarfe ta ƙaramar ɓula. Don Allah wanda aka yi wa ya faɗa mana gaskiyar abin.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, 'yata. Ni an yi mini, shekara uku ke nan. Amma fara amsa mini wannan: in Baba ya zauna ko ya sunkuya, ciwon yana lafawa? Domin a nan maganar take. Ni da, in na dafa wani abu na ɗan duƙa ina tafiya, garau nake, da na miƙe sai kamar ana zuba mini wuta daga ɗuwawu har dunduniya. Sunkuyo yana buɗe hanyar jijiyoyin, miƙewa tana matse ta. Ƙarfen kuwa, na taitaniyom ne, ana cusa shi tsakanin ƙusoshin ƙashin nan da kike ji in kin shafa tsakiyar baya, ya tokare su, sai wurin ya zauna a buɗe ko mutum yana tsaye. Nawa ƙarfen sunansa Superion, wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2015. Ba a yi mini allurar barci mai nauyi ba, kashe wurin aka yi, ina ma jin hirarsu sama-sama. Ba a kai awa guda ba, da yamma ina gida. Mako shida aka hana ni ɗaukar kaya da murɗa jiki, abin da ya fi damuna ke nan, don ni ban iya zama ba. Ƙafa dai alhamdu lillahi. Ciwon ƙugu da safe kuwa yana nan abinsa, kuma tun farko an ce mini ba don shi aka yi ba.

Kakar Yara: Ni kam labarina daban ne. Wata biyu na farko na ji daɗi sosai, sannan ciwo ya dawo ya fi na da. Aka ɗauki hoto, ashe ƙashin da ƙarfen ya tokara ne ya tsage. Daga baya aka gano ƙasusuwana sun yi rauni, ba wanda ya auna kafin aikin, ni ma ban san ana tambaya ba. Ƙarshe tiyatar da na guda ita aka yi, aka cire ƙarfen, aka sassaƙe ƙashin da ke danne jijiyar. Ki tabbata an auna ƙarfin ƙashinsa, 'yar nan.

Tsohon Malami: Sannu, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya.

Direba Mai Ritaya: Ni nema na yi aka hana ni. Ƙashina ɗaya ya goce gaba da yawa a kan na ƙasansa, likita ya ce tokari ba zai riƙe ba. Na yi fushi a lokacin, yanzu da na karanta na Hajiya na yi shiru. Wani abu da ya ja mini kunne a kai: in fitsari ko bayan gida ya fara kuɓucewa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ba maganar jira ba ce, asibiti a ranar.

Autar Baba: Na gode ƙwarai, iyayena. Malam, e, da ya zauna yake samun sauƙi, shi ya sa ko'ina za shi da 'yar kujerarsa. Gwajin ƙashi kuwa ba a ambata mana ba, zan ɗaga maganar ranar Talata. Hajiya, bayan babbar tiyatar kwana nawa kika yi kafin ki fara takawa?