Abin da jama'a suka ce kan koyon kalmomin Turanci

Ga abin da na tattaro daga maganganunku:

1. Kusan kowa ya yarda haddar ƙamus wahalar banza ce. A riƙe kalma cikin jimlarta, a rubuta a ɗan littafi, a yi magana da ita a ranar.

2. A saurari labaran BBC Hausa, sannan na Turanci. Tunda an san labarin, kunne zai kama.

3. A ajiye kunya, ko da za a yi wa mutum dariya.

Inda aka rabu shi ne Turancin buroka. Wasu sun ce shi ke buɗe baki a tasha da kasuwa, wasu suka ce yana ɓata rubutu har ya kayar da yaro a jarrabawar WAEC. In dai jarrabawa ce a gaba, ina bayan masu cewa yana ɓata rubutu.